Ranar Matsa Ƙarfe

Tun da aka kafa dokar gwajin ƙarfi, duk wanda ya haura sittin sai ya je asibitin unguwa duk shekara ya matsa wani ƙarfe da hannu. In fitila ta nuna kore, ya koma gida. In ta nuna ja, farar mota ta kai shi gidan kula da tsofaffi, kuma ba a cika dawowa ba.

Iya Kande na zaune a layi. Ta baro mijinta Malam Tanko, makaho, yana jiran ta dawo ta dama masa koko. Ba shi da kowa sai ita. Maƙwabciyarta Azumi ta riga ta shiga, ba ta fito ba. Takalmanta na nan bakin ƙofa.

"Bismillah, Iya," in ji ma'aikaciyar asibitin da layi ya zo kanta. "Ki matsa iyakar ƙarfinki."

Ta matsa har idonta ya yi duhu. Fitilar ta yi ta rawa, sannan ta tsaya a kore.

"In tafi, 'yar nan?"

"Ki je, Iya. Amma da ƙyar kika haye. Sun ce ki dawo bayan wata uku."

A waje katinta na asibiti ya suɓuce. Ta durƙusa ta ɗauka, gwiwa ta ƙi tashi. Kyamarar saman ƙofa ta juyo gare ta a hankali. Ta yi kamar tana cire ƙaya, tana salati a zuci, har ƙafafun suka yarda. Ba ta dafa bango ba sai da ta sha kwana.