Lamba Sittin da Uku

Wata huɗu Murja na zarya tsakanin asibitinsu na Treichville da kasuwar Adjamé, har takalminta ya cinye. Wata ƙungiya ce ta ba ta tallafin bincike kan magungunan gargajiya da mata ke sha da waɗanda suke matsawa. A takarda abin ba wuya. Amma wace matar aure ce za ta buɗe wa budurwa cikinta, ko da ita kaɗai ce nas mai jin Hausa a asibitin?

Dole ta bi ta hannun Hajiya Tabawa, mai kayan mata a unguwar Bracodi, can Adjamé. Mata su gaya wa Hajiya, Hajiya ta gaya wa Murja, ita kuma ta rubuta. Ba suna, sai lamba. Haka aka yi alkawari.

Lamba sittin da uku ce ta hana ta sakat. Mace ce da ta haura hamsin, al'ada ta ɗauke mata tun tuni, amma shekara guda ke nan jini na zuba, ga wari, ga ciwon mara. Maganinta zama cikin ruwan bagaruwa. Murja ta san wannan kan zama ciwon daji a bakin mahaifa, ta kuma san kowane mako da ya wuce asara ne.

Sau uku tana roƙon sunan, sau uku Hajiya na cewa amana ce.

Kullum haka take komawa gida unguwar Williamsville a tasin woro-woro, jiki duk ya mutu. Ta tarar da ɗaki ya turnuƙe da turaren wuta, mahaifiyarta Inna ta wanke zannuwanta da kanta ta shanya a bayan ƙofa.

"Ke, ga tuwo can," in ji Inna. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, Murja kuwa ta saba. Ta ci, ta baje takardu, ba ta ko ɗaga kai.

Ran Alhamis, ana gobe za ta miƙa rahoto, ta sake dira a rumfar Hajiya. Ta gaji da lallashi.

"Hajiya, ku riƙe sunan. Ku dai turo min ita, kyauta zan duba ta. Wallahi in aka ƙara wata biyu, ba na jin za a iya komai."

Tsohuwar ta daɗe tana ɗaure bakin wata leda da ta riga ta ɗauru.

"'Yar nan, na yi na yi. Faransanci ba ta ji, balle ta je wani wuri."

"To ai ga ni!"

Hajiya Tabawa ta ajiye ledar, ta dube ta da tausayi.

"Abin da na gaya mata ke nan. Ta ce gara ta mutu da ta kwance zani a gaban 'yar farinta."