Ina Gabas?

Tun da aka ƙera na'urar tsamo muryar waɗanda ruwa ya ci, kowane gida minti ɗaya ake ba shi.

Yau layi ya zo kan Tasalla. Shekara tara ke nan da sojojin ƙasarta suka nutsar da jirgin ruwan abokan gaba, ba su san fursunonin cikinsa nasu ba ne. Har da mijinta, Kofur Barmo.

Wata ma'aikaciya ta sa mata na'urar a kunne. Ta ji ƙarfe yana kuka, sannan muryarsa, a natse: "Jama'a, jirgin ya kife. Ina gabas? Ban yi la'asar ba."

Babu wanda ya amsa masa.

"Iya, lokaci ya cika," in ji ma'aikaciyar.

Tasalla ba ta motsa ba. Hannunta na miƙe, tana nuna masa gabas.