Fuskar Ranar Lahadi

Tasalla ta danna ƙasan idonta da yatsa, wurin ya lotsa kamar ƙullun fanke, ya daɗe bai dawo ba. Tun da ta fita takaba fuskar take wayar gari a kumbure. Ba abin da ke mata ciwo. Barci ne ya yi ƙaranci, kuma ba ta ga wanda ya isa ta yi wa bayani ba.

Sai dai Wakili, ƙanin marigayi mijinta, ya samu abin yawo da shi a unguwarsu ta New Bell. Wai matar yayansa ba ta da lafiya, wai shagon atamfar da ke kasuwar Marché Central ya fi ƙarfinta. Magana ta kai Garwa, kunnen babban yayansu Malam Mudi, wanda in ya yanke ba mai ƙarawa. Ya aiko cewa ranar Lahadi zai zo ya gani da idonsa. In ya same ta garau, shago na hannunta. In ba haka ba, ta miƙa makulli.

Tasalla ta yi niyyar zuwa wurin wata Babarbariya a bayan layinsu mai gyaran jiki da dilka da sirace, a ɗaka, ba mai gani. Jannat, 'yarta tilo, wadda ta dawo gida bayan aurenta ya mutu, ta girgiza kai.

"Inna, wannan aikin tsofaffi ne. Akwai wata madam mai gyaran fuska a unguwar Ndokoti, wurinta tsaf kamar na likita."

Ranar Alhamis suka hau taksi, suka sha cunkoso har mayafi ya jiƙe da gumi.

Madam ɗin, cikin farar riga har gwiwa, ta jero abin da take da shi. Akwai mai na shafawa a gida. Akwai ƙanƙara da kokwamba, a zaune, ka tashi ka tafi. Akwai kuma na kwanciya, da tausa da tsumma mai sanyi a goshi. Tasalla ta ce a ba ta man, ita ba ta kwanciya a gadon mutane. Jannat ta ce mai ba zai yi komai kafin Lahadi ba.

Sai ciniki. Madam ta ce dernier prix, wato farashin ƙarshe ke nan, Tasalla ta ɗauki jakarta ta nufi ƙofa. Sau biyu ana kiranta ta dawo. Matar da ta shekara ashirin tana karya farashin dillalan tashar jirgin ruwa ba mai gyaran fuska ce za ta cuce ta ba. A ƙarshe ta samu na kwanciyar a kuɗin na zaune, har da ragi.

Jannat ta cire mata ɗankwali da 'yan kunne, ta ja farin zanen gado har wuyanta.

"Ki rufe ido, Inna. Kada ki motsa."

Aikin ya yi kyau, wannan ba gardama. Ranar Lahadi fuskar Tasalla ta saɓe, ta sa kwalli, ta ɗaura atamfa mafi tsada a shagon. Ta shiga zauren gidan da kai a sama ta gaida Malam Mudi, wanda ya iso daga Garwa. Wakili na gefe yana jan carbi. Jannat ta kawo shayi ta koma bakin ƙofa.

Malam Mudi ya dube ta na ɗan lokaci, ya sauke numfashi.

"An gaya mini za ki rufe da kwalliya. Tasalla, ciwo ba abin kunya ba ne. Wakili zai riƙe shagon, ya ce ma ya samu mai zama a ciki, ta gida ce. Ke ki huta."

"Yaya, wane ciwo?"

Ya miƙo mata wayarsa. "Wannan fa? Ga ki a asibiti ranar Alhamis."

Ga ta kuwa. Kwance a farin gado, kai ba ɗankwali, ido a rufe, fuska a kumbure, tsumma a goshi, mace mai farar riga ta sunkuyo a kanta. Ko ita da ta gani sai da ta ɗauka mara lafiya ce.

Ranta ya tafi kan madam ɗin. To, ashe ragin da madam ta yi mata, a wurin Wakili ta cike shi. Gobe da safe za ta je Ndokoti, duk layin sai ya ji su. Ta buɗe baki za ta faɗa wa Malam Mudi ko wane irin asibiti ne wannan, sai idonta ya kai kusurwar hoton.

Hannayen madam duka biyu suna kan fuskarta. A bangon bayan gadon akwai madubi, a cikinsa mai ɗaukar hoton na tsaye, waya ta rufe mata fuska. Tasalla ba ta buƙaci fuskar ba. Atamfar jikin mai ɗaukar, irinta turmi ɗaya tak ya shigo shagon, kuma ita da hannunta ta hana masu saye, ta ajiye wa Jannat.