Titin Masu Gawa

Tun da ƙananan jirage suka maye gurbin motocin haya, na'ura ce ke raba musu titin sauka, Tasalla kuma ta sanar da matuƙa daga hasumiya. Titi na uku, na gefen maƙabarta, jirgin da ya ɗauko gawa kaɗai ake ba.

Da hantsi ƙanenta Mantau ya yi sallama daga sama. Na'ura ta nuna uku.

"Mantau, wa ka ɗauko?"

"Ni kaɗai ne, Yaya, sai mangwaronki. Wane titi?"

Ta leƙa taga. Masu haƙar kabari, waɗanda na'urar ke kira da kanta, har sun saɓa diga a kafaɗa.

"Ƙara zagayawa, kada ka sauko tukuna."

"Yaya, mai fa ya kusa ƙarewa."