Jeren Amaryar Kabo

"Ku zo ku ga jere!" in ji Hajiya Asta, tana jan ƙawayenta zuwa ɗakin amaryar da ɗanta ya auro daga Kabo. "'Yar gidan wadata ce, ba irin masu haya a wurina ba."

Tun da aka shiga tsuke bakin aljihu Asta ta koma ba iyayen amare hayar kwanukan jere. Da haka tiren tallarta ya zama kanti a Gwarzo, har ta buɗe wa ƙanwarta wani a Kabo.

Ta ɗaga wata samira tana yabo. Sai ga ɗigon jan fentin da take yi wa kayanta a gindi.

Amarya ta sunkuyar da kai.

Asta ta rangaɗa guɗa, sannan ta raɗa mata: "Kada ki mayar, 'yata. Sun zo gida."