Ƙaiƙayin Badal

Sulochana ta ɗora tabarau biyu a kan hanci, nata da na marigayi mijinta, don ta iya karanta ƙananan rubutun da ke bayan buhun abincin kare. Buhu na uku ke nan. Kifi da dankali zalla, in ji masu yin sa. Ta bi layi-layi da yatsa tana neman kaza ko madara ko alkama, ba ta ga ko ɗaya ba. Ta buɗe ta shinshina. Matar da nama bai taɓa shiga bakinta ba tun haihuwa, yau ga ta tana shinshinar kifi saboda kare.

A ƙarƙashin tebur Badal sai susa yake yi. Ya tauna tafin ƙafafunsa har sun yi ja, kunnuwansa na ruwa, gashin cikinsa duk ya zube. Karen mijinta Dinanath ne. Shekara biyu da rasuwar mutumin, kuma a ɗakunan nan na hawa na uku a birnin Indore, numfashin Badal kaɗai take ji ban da nata.

Likitan dabbobi, wani saurayi mai suna Parmar, ya riga ya ja mata kunne. "Mama, wani abu yake ci da jikinsa ba ya so. Mako takwas, wannan abincin da ruwa kawai. In ya ci wani abu, ko loma ɗaya, ba za mu san ko abincin na da kyau ba."

"Ɗan nan, shekara talatin na yi ina koya wa yara bin doka," ta ce.

Ta kuwa bi dokar sau da ƙafa. Da kofi take aunawa, ta wanke kwanonsa da tafasasshen ruwa. Ta hana shi nonon da yake so, ta kyautar da biskit ɗin gidan kaf, in za su fita ta ɗaure masa baki kada ya tsinci wani abu a titi. Da yamma ta kunna fitila gaban hoton Dinanath, ta kwaɓa garin alkama, ta gasa gurasar roti huɗu kamar yadda ta saba tun tana amarya. Ta farko ta saniyar bakin titi ce. Biyu take ci, a tsaye, don teburin ya yi mata girma.

Susa dai ba ta daina ba. Buhu na farko ta ce jabu ne, na biyu ta ce ya daɗe a shago.

Ana haka ɗanta Harish ya bugo waya daga Pune. "Mama, maƙwabta sun sake kirana, wai wari ya ishe su a matattakala. Akwai gidan kula da karnuka a bayan gari. In wata ya ƙare bai warke ba, zan zo in kai shi." Kafin ta buɗe baki ya ce yana da taro.

Tsoro ya sa ta fara zargin kowa. Wa ke ba shi abu a ɓoye? Kusum ce kaɗai ke shigowa gidan, maƙwabciyar da suke shan shayi tare ƙarfe huɗu, mai yawo da gyaɗa a jaka. Sulochana ta tare ta a ƙofa ta faɗa mata gatsal.

"Ni, Yaya?" in ji Kusum. "Ashe kallon da kike mini ke nan." Ta koma gidanta ta ja ƙofarta a hankali. Daga ranar kofi ɗaya Sulochana take ɗaurayewa, kuma abin ya yi mata ciwo fiye da yadda ta zata.

Ƙarshen wata Parmar ya duba kunnen Badal ya girgiza kai. "Mama, ki tuna da kyau. Babu wani abinci?"

"Na rantse da wanda ya bar mini shi, ban zuba masa komai a kwano ba sai wannan."

Ta dawo gida ta jingine buhun a bayan ƙofa. Maƙaryata ne masu yin sa, ta yanke hukunci, sun cuce ta, sun cuci dabba. Gobe da safe Harish zai iso.

Da yamma ta kunna fitila, ta kwaɓa gari, hawaye na ɗiga a kan hannunta. Ta ajiye ta saniya. Nata biyun ta kasa ci. Ta huɗun kuwa, ta ƙarshe a kasko, wadda surukarta ta koya mata cewa ba ciyarwa ba ce, haƙƙin kare ne a kan kowane gida, ta shafa mata man shanu, ta durƙusa ta ba Badal a baki, kamar yadda take yi kowace yamma ba fashi.