Ram ɗin Marigayi Likita

Wa ya fi haƙƙi a kan abin da mamaci ya bari, marayunsa ko marar lafiyar da ke jira? Har yau ban sani ba.

Babbar kwamfutar asibitin da nake yi wa gyara, mai fitar da sakamakon gwaji, ta koma tafiyar hawainiya. Ƙarin ram take buƙata, ɗan katin da ke sa ta sauri, amma wanda na sayo ya ƙi shiga. Irinsa sai a kwamfutar Likita, mai asibitin, wadda aka lulluɓe tun rasuwarsa.

"Malam, ba a raba gado ba," in ji matarsa. "Ko noti ba za a kwance ba. Akwai marayu."

Na fita, na dawo, na kasa zama. A baranda wani tsoho yana yi wa ɗiyarsa fifita. Tun hantsi suke jiran sakamakon jininta kafin a ba ta magani, jikinta sai karkarwa yake.

Hajiya, matar Likita, ta daɗe tana kallonsu. Sai ta shiga ofis, ta yaye lulluɓin da hannunta.

"Kwance, Malam. A cire kuɗinsa a tumunin takabata. In na yi kuskure, ni da Allah."